Ranar da Zakiyya Ta Mayar da Tallafin Alhaji

Mahadi ya dawo daga Sudan da jaka ɗaya da silifa a ƙafarsa. Yana shekara ta uku a karatun haɗa magunguna a Khartum yaƙi ya ɓarke, aka kwaso ɗalibai a motoci zuwa iyakar Masar, daga can jirgi ya kawo su gida. Ranar da ya iso ƙauyensu da ke gefen hanyar Danja, gari duka ya taru yi wa mahaifinsa, Malam Aƙilu, barka da arziki. Babu wanda ya ambaci karatu a ranar. Yaro ya dawo da ransa, ya isa.

Gidauniyar Alhaji Ɗanasabe ce ta tura shi. Alhaji babban dillalin hatsi ne a Funtua, shi ke ba manoman yankin taki da faɗuwar damina, su biya shi da masara idan kaka ta yi. Gidauniyar ta yi wa yaran da suka dawo alkawarin za a nema musu wata jami'a a Masar ko Uganda su ƙarasa. Damina ta wuce, rani ya shigo. Sakataren gidauniyar, Malam Jibril, tun yana ɗaga waya yana cewa a ƙara haƙuri dala ta tashi, har ya daina ɗagawa. Daga ƙarshe Mahadi ya karɓi keke napep na wani mutum, yana ja tsakanin kasuwa da tashar mota a Funtua.

Ƙanwarsa Zakiyya na kallon duk wannan. A shekarar ta gama sakandare, kuma babu wanda ya kamo ta a makarantarsu, mace ko namiji. Da ta zo cike jarabawar shiga jami'a, likitancin dabbobi ta zaɓa a Zariya. Tana ƙarama shanun huɗarsu biyu suka mutu a mako guda da ciwon huhu, mahaifinta ya yi ta ɗura musu maganin da aka sayo a kasuwa har suka faɗi. Tun lokacin abin ya zauna mata a rai.

Wata ranar Juma'a da la'asar ta kai wa Mahadi abinci gindin darbejiyar ƙofar gida, ta tarar yana magana a waya, irin wadda ake ganin fuska. Wani saurayi ne baƙi siriri cikin farar riga ta asibiti, suna ta zuba Larabci suna dariya. Da suka gama, dariyar Mahadi ta ɗauke lokaci ɗaya.

"Yaya, wane ne wannan?"

"Zubair. Ɗakinmu ɗaya a Khartum. Mutumin Kenya ne, daga Mombasa. Babansa masunci ne, ko kwalekwalen ma ba nasa ba ne." Ya jawo kwanon ya buɗe. "Mota ɗaya ta fito da mu. Shi ya samu wata jami'a ya ci gaba, baɗi zai gama."

"Wa ya ɗauki nauyinsa?"

"Ba kowa. Ya ce rance ya ci daga gwamnatinsu, sai ya fara aiki zai riƙa biya. Ya ce a layinsu ko yaron da bai ci abincin dare ba, in ka tambaye shi me zai zama, sai ya ce maka injiniya, kuma da gaske yake, don ya san inda za shi ya nema."

"Ai mu ma na ji a rediyo an fara ba da irinsa."

"An fara. Je ki ce wa Baba za ki ci bashi, ki ji abin da zai ce miki." Ya yi loma ɗaya ya ajiye cokalin. "Ni nawa kyauta ne, Zakiyya. Shi ya sa ba ni da bakin magana. Da aka fasa, ba inda zan kai ƙara."

Sakamako ya fito, makin Zakiyya ya wuce abin da ake nema da nisa. Ba a jima ba wata farar mota ta tsaya ƙofar gidan Malam Aƙilu. Malam Jibril ne da kansa, mutumin da ya daina ɗaga wayar Mahadi. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kira Zakiyya, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi.

Ya ce labarinta ya isa ga Alhaji, kuma gidauniya ta sa sunanta cikin waɗanda za ta ɗauki nauyinsu bana. Malam Aƙilu ya yi ta godiya.

"Makarantar koyon aikin lafiya za ki," in ji Malam Jibril. "Shekara biyu kin gama, a ba ki aiki a ƙaramin asibiti. Duk 'yan matanmu can muke kai su."

"Malam, ni likitancin dabbobi na cike."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya ce zai sayi jirgi. "Shekara shida ke nan fa. Wannan karatun na 'ya'yan waɗanda suka ƙoshi ne. Irinku abin da zai kawo abinci da wuri ake nema muku. Mun san abin da muke yi."

"To batun Yaya Mahadi fa?"

"Zakiyya!" in ji mahaifinta.

Malam Jibril ya gyara hula ya ce ana kan maganar. Ya ƙara da cewa tunda ita ce ta fi kowa maki, ita za ta yi jawabin godiya a madadin 'yan mata ranar bikin raba tallafi. Ya miƙa mata takardar abin da za ta karanta. Malam Aƙilu ya amsa a madadinta, ya raka baƙo har mota.

Da ya dawo ya same ta tsaye inda ya bar ta. Ta ce, "Baba, akwai rancen karatu na gwamnati. In na samu gurbi..."

"Ba a gidana ba. Ni kaina da bashin taki nake kwana nake tashi, ba zan sa 'yata ta fara rayuwa da igiya a wuya ba. Allah ya kawo miki kyauta har gida, ki karɓa ki gode."

Ta yi kwanaki tana aikinta, tana surfe, tana ɗebo ruwa, tana karanta takardar Malam Jibril har ta haddace ta. A ciki an rubuta cewa ba don Alhaji ba, da ita da 'yan uwanta ba su isa su yi ko mafarkin karatu ba. Duk lokacin da ta zo wannan layin sai ta kife takardar.

Ranar bikin Mahadi ne ya kai su Funtua a kekensa, ita da mahaifinsu da Gwaggo Hajo, yayar Malam Aƙilu, wata tsohuwa mai sana'ar man gyaɗa wadda ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta ba. Da suka isa ya ce shi ba zai shiga ba. Ya faka daga waje cikin sauran masu keke, ya jingina da sitiyari.

An cika ɗakin taron maƙil. Hotunan Alhaji a kowane bango, 'yan rediyo sun jera na'urorinsu, maroƙi na ta kirari. Alhaji Ɗanasabe yana zaune a tsakiyar manyan baƙi, dattijo mai furfura, fuskarsa a sake. Aka riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi ambulan, a ɗauke shi hoto. Zakiyya ta karɓi nata. Sai mai gabatarwa ya ce ta tsaya ta yi jawabi.

Ta karɓi abin magana. Ta yi sallama, ta gaida iyaye da malamai. Ta ce ta gode wa Alhaji, kuma da gaske take, domin mutane da yawa sun fi shi dukiya ba su taɓa tuna ɗan talaka ba. Aka yi tafi. Ta jira tafin ya lafa, ta naɗe takardar da ke hannunta.

"Amma ni ba zan karɓa ba."

Kowa ya zuba mata ido.

"An ce in yi karatun shekara biyu saboda ni 'yar manomi ce. Ni ba shi na nema ba. Makina ya kai abin da na nema, ba a ce bai kai ba, cewa aka yi irinmu ba su dace ba. Sannan yayana yana nan waje cikin keke napep. Wannan gidauniyar ce ta tura shi Sudan. Ya yi rabin karatu, yaƙi ya koro shi, aka ce za a mayar da shi, har yau..."

Aka kashe abin maganar. Malam Jibril ya taso da sauri yana ɗaga mata hannu. Zakiyya ta ajiye na'urar a kan tebur ta ɗaga murya, muryar da take kiran awaki da ita daga ƙarshen gona.

"Har yau ko waya ba a ɗaga masa! Ba shi kaɗai ba ne. Iyayen wasu suna zaune a nan, sun san kansu. In za a taimake mu, a tambaye mu me muke so mu zama. In an fara, a ƙarasa!"

Wasu samari biyu masu gadi suka nufo ta. Alhaji ya ɗaga hannu, suka tsaya. Ta taka har gabansa, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa uba, ta ajiye ambulan ɗin a gefen ƙafarsa, ta tashi ta nufi ƙofa. Wani daga baya ya ce, "Marar kunya!" Wata mata kuma ta fashe da kuka, ba wanda ya san ko uwar wane ce. Gwaggo Hajo ta miƙe, ta gyara mayafi a hankali yadda kowa zai gan ta, ta kama hannun Zakiyya suka fita tare.

Kafin su kai gida, bidiyon jawabin da wani ya ɗauka da waya ya zagaya wayoyin Funtua. Da suka shiga gida, Malam Aƙilu ya juyo kan Zakiyya.

"Takin bana wa zai ba ni? Ke za ki ba ni? Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani, Baba. Ka yafe mini. Amma in aka sake ba ni abin maganar, abin da zan sake faɗa ke nan."

Gwaggo ta ce, "Aƙilu, ka yi mata faɗa in kana so, 'yarka ce. Amma shekara guda kana kallon yaron nan yana ramewa, ka kasa zuwa ka tambayi Alhaji ko kalma ɗaya. Ita ta tambaya."

Abin da Zakiyya ba ta zata ba shi ne fushin Mahadi. Ya same ta a madafa, idanunsa jajur. "Wa ya aike ki? Yanzu duk wanda ya shiga kekena sai ya leƙa fuskata ya ce, au, kai ne na Sudan ɗin? Kin kwance mini zani a kasuwa."

"Ba ni na kwance maka ba, Yaya. Ni faɗa kawai na yi."

Ya fita. Ya daina kwana a gida, ya koma ɗakin wani abokinsa a Funtua.

Bayan kwana kaɗan Alhaji ya aiko a zo da yarinyar. Ita da mahaifinta suka same shi a ofishinsa da ke jikin sito, ana ta sauke buhuna daga tirela. Ya ba su wurin zama, ya sa aka kawo ruwa. Bai yi tsawa ba. Ya ce abin da yake kashewa kan ɗalibi ɗaya a waje a da, yanzu ko rabin shekara ba zai kai shi ba. Ya ce ba wanda ya tilasta masa ya kafa gidauniya, kuma a rayuwarsa ba a taɓa tozarta shi irin na ranar ba.

"Amma ni ba na riƙe yaro a zuciya," in ji shi. "Kina son Zariya, zan biya miki, shekara shidan duka. Abu ɗaya za ki yi. Ki je gidan rediyo ki ce zuga ki aka yi, kin janye maganarki."

Malam Aƙilu ya dubi 'yarsa da sauri. Abin da ta nema ne aka ajiye mata a gaba. Alhaji ya fara murmushi.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya zuga ni, ba zan iya cewa an zuga ni ba. Kuma shi ma Yaya haka aka ce masa, za a biya duka. In da hali, abin da za a kashe mini a kashe wa waɗanda suka dawo, ko a nan gida ne a nema musu wuri su ƙarasa. Su suka riga ni."

Murmushin ya ɓace. "Ba ke za ki tsara mini yadda zan kashe dukiyata ba, yarinya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Dukiyarka ce. Ni ma karatun nawa ne."

Alhaji ya juya ga mahaifinta. "Aƙilu, kana jin abin da 'yarka ke faɗa mini?"

Malam Aƙilu ya daɗe yana kallon tabarmar roba da ke ƙasa. Shekaru da yawa yana shigowa wannan ofishin, kullum a durƙushe yake fita. Ya share gumin goshinsa da hannun riga.

"Na ji, Alhaji. Na yi ta saurare ko zan ji ƙarya a ciki, ban ji ba."

Ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara arziki, ya ce wa Zakiyya ta tashi su tafi. Sai da suka fito titi ya yi mata magana. Bai dube ta ba. Ya ce, "Wannan rancen naki, akwai kuɗin ruwa a ciki?" Ta ce an ce babu. Ya ce shi ba zai yarda da an ce ba. Ya sa ta ta nemo bayanin a rubuce, ya kai wa limamin garinsu, liman ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ce bai ga riba a ciki ba. Ko a lokacin Malam Aƙilu bai ce ya amince ba. Cewa ya yi, "To, wuyanki ne."

Taki bai zo ba a shekarar. Yaran Alhaji suka raba wa maƙwabta, suka tsallake gonarsa. Ya shuka waken suya a fiye da rabin gonar, tunda shi ba ya cin taki kamar masara, sauran kuma ya yi ta jido takin gargajiya daga rugar Fulani da amalanke. A masallaci wasu suka rage gaisawa da shi. Wasu kuma, iyayen yaran Sudan, sukan tsaya bayan salla su riƙe hannunsa su daɗe ba su saki ba.

Sunan Zakiyya ya fito a Zariya. Sai ga wata matsala: rancen ba ya fitowa sai ɗalibi ya riga ya yi rajista, rajistar kuma sai da kuɗi. Gwaggo Hajo ta roƙi matan adashensu suka ba ta kwasar da ba tata ba. Bai isa ba. Ana saura kwana kaɗan a rufe, Mahadi ya shigo gida da rana tsaka, karo na farko tun ranar da ya fita. Ya ajiye wata baƙar leda a kan turmi kusa da Zakiyya.

"Har yanzu ina jin haushinki," in ji shi.

"Na sani."

"Ki je ki biya. In kika faɗi jarabawa ko ɗaya, kada ki dawo garin nan."

Zariya ba ta zo da sauƙi ba. Su da yawa ne a ɗaki, katifarta a ƙasa take. Kuɗin abincin da ke cikin rancen wani watan ya zo, wani watan ya makara, sai ta wuni da garin kwaki da ƙulin da Gwaggo ke aiko mata. Akwai ranar da ta zauna bayan ɗakin karatu ta tuna kujerar ofishin Alhaji da ruwan sanyin da aka kawo musu, ta yi kuka sosai, ta wanke fuska ta koma ciki. Gidauniya kuwa ta ci gaba da bikinta kamar da. Sai dai an daina ba ɗalibai abin magana.

Bidiyon nan ya yi wani aiki da ita ba ta sani ba sai daga baya. Yaran da suka dawo daga Sudan, waɗanda kowa ya shige ɗakinsa da kunyarsa, suka nemi juna. Suka daina jiran Malam Jibril. Suka bi diddigin malamansu da yaƙi ya warwatsa har suka samo shaidar darussan da suka ci, suka riƙa bin jami'o'in gida ɗaya bayan ɗaya. Wasu aka kore su tun daga bakin ƙofa. Wasu aka ce su dawo.

Tana cikin zango na biyu, wata safiya tana sauri za ta aji, wayarta ta yi ƙara. Mahadi ne. Ana jin hayaniyar tasha a bayansa.

"Wata jami'a ta ɗauke ni," in ji shi. "Amma daga aji biyu. Sun zubar mini da shekaru."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ɗalibai na ratsa ta. "Za ka je?"

"Yanzu na mayar wa mai keke makullinsa. Ya ce na haukace."

"Kuɗin fa, Yaya?"

"Irin naki zan ci. Na gaya wa Baba jiya. Ya ce gidansa ya zama gidan 'yan bashi, ya tashi ya tafi gona." Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba. "Ki turo mini yadda kika cike abin nan, kada su rufe."

Ta ce za ta turo da ta fito aji. Ta sa wayar a jaka, ta riƙe littattafanta da kyau, ta ruga don malamin ba ya barin wanda ya makara ya shiga.